Sansanin koyon tuƙa kwalekwalen iska a hutun bazara: me yaro zai tarar a can?

“Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Birmingham. ’Yata mai shekara 12 ta dawo daga makaranta da takardar wani sansanin hutun bazara na kwana biyar, inda ake koya wa yara tuƙa ƙananan kwalekwale masu tafiya da iska, a wani dam da ke kusa da mu. A kai su da safe, a ɗauko su da yamma. Ta kafe sai ta je, ƙanenta mai shekara 9 shi ma ya ce ƙafarta ƙafarsa, alhali yana da sikila. Ita ta iya iyo kaɗan-kaɗan. Ni kuwa tun hatsarin jirgin Bagwai ba na son jin an haɗa yaro da ruwa. Abin da ya fi tayar min da hankali, a takardar an rubuta wai har kifewa za a koya musu. Me ake yi a irin wannan wuri? Kuma ina maganar sutura da salla da abinci?”

Wa’alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana su, ya ba ƙaramin lafiya mai ɗorewa. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: abin da yarinyar za ta yi daga safe zuwa yamma, ko wurin abin amincewa ne da ran ɗa, da kuma ko za ta iya zuwa ba tare da ta sassauta addininta ba. Maganar ƙanen nata kuwa daban take, zan ware mata wurinta. Aikina ke nan a lokacin bazara, ina koya wa yara wannan tuƙi a wani dam a tsakiyar Ingila, don haka abin da nake gani da idona zan faɗa miki.

Tsoronki yana da tushe, kuma ba zan ce ki ajiye shi ba. Abin da ya faru a dam ɗin Watari da ke Bagwai a ƙarshen 2021, inda jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya, har yanzu yana ran duk wanda ya ji labarin. Amma ki duba abin da ke maimaituwa a irin waɗannan haɗurra na gida, a Kano ne ko Kebbi ko Neja: jirgi ɗaya an lafta masa mutane fiye da ƙarfinsa, ba wanda ya sa rigar kariya, ba wani jirgi a kusa da zai kawo ɗauki, kuma ba wanda aka taɓa nuna wa abin da zai yi idan ya tsinci kansa a ruwa. A can an fita ne da fatan jirgi ba zai kife ba. A sansanin da ya san aikinsa kuwa, an riga an ɗauka cewa zai kife, kuma a kan haka aka gina komai: irin jirgin, rigar da yaro ke sawa, yawan malamai, har da wurin da jirgin ceto ke tsayawa. Layin da ya firgita ki a takardar, ni shi ne ya kwantar min da hankali. Da babu shi da na ce ki ƙara bincike.

Wa ke sa ido a kansu

A Birtaniya hukumar da ke tsara wannan harka ita ce RYA, wato Royal Yachting Association, wadda asalinta ya faro tun 1875. Tana da manhajar yara ’yan ƙasa da shekara 16, mai matakai huɗu, kowane mataki kusan kwana biyu na koyo. Wurin da ke ɗauke da shaidarta ana zuwa ana duba shi duk shekara: jiragensa, rigunan kariyarsa, takardun malamansa, da tsarinsa na ko-ta-kwana. Ƙa’idar ita ce malami ɗaya kada ya wuce yara shida idan kowane yaro na cikin jirginsa shi kaɗai, kuma muddin akwai yaro a kan ruwa to akwai jirgin ceto mai inji a tare da su. Malamin kansa sai ya mallaki shaidar koyarwa, da ta tuƙa jirgi mai inji, da ta taimakon gaggawa. Kada ki yi mamaki idan kika ga wasu malaman samari ne ƙanana, domin ana iya samun shaidar tun daga shekara 16, amma dole akwai babban malami a kansu wanda shi ke yanke shawarar a fita ko kada a fita.

Wannan tsauri ba haka kawai ya zo ba. A watan Maris na 1993 ’yan makaranta huɗu suka rasu a tekun Lyme Bay, kudancin Ingila, a wata fita da ƙananan kwalekwale da wata cibiyar hutu ta shirya ba tare da ƙwararrun malamai ba. Abin ya girgiza ƙasar, har aka yi doka a 1995 da ta tilasta wa cibiyoyin da ke kai yara irin waɗannan wasanni su nemi lasisi. Su ma sai da suka binne ’ya’ya kafin suka gyara.

Jirgin da za a ba ta

Ba babban jirgi ba ne. Ƙananan yara akan fara su da Optimist, wani ɗan kwalekwale mai faffaɗan goshi, tsawonsa mita 2.3, nauyinsa kilo 35. Wani Ba’amurke mai suna Clark Mills ne ya zana shi a 1947 a Florida, don yara su samu jirgi mai arha da za a iya haɗawa da falankin katako. Da shi ake tsere har zuwa shekara 15, kuma da shi gwanin tuƙin nan ɗan Birtaniya Ben Ainslie ya fara yana yaro a Cornwall, kafin ya ci zinare huɗu a gasar Olamfik tsakanin 2000 da 2012. Yarinya mai shekara 12 kuwa na fi zaton za a sa ta a Pico ko Topper, waɗanda suka kai mita uku da rabi ko kusa da haka, na roba mai tauri da ke jure karo. Sau da yawa ranar farko su biyu-biyu ake sa su, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallo, sai su yi musaya.

Kayan jirgin kaɗan ne: sanda a tsaye da ke riƙe ƙyallen iska, wata sanda a kwance a ƙasan ƙyallen, igiya ɗaya da ake ja ko a saki, sandar tuƙi a baya, sai wani allo da ake zurawa ta tsakiyar jirgin ya shiga ruwa don kada iska ta riƙa tura shi gefe. Abin da ya fi muhimmanci gare ki shi ne, waɗannan jirage ba sa nutsewa. Pico da Topper cikinsu rufe yake da iska a ciki, Optimist kuma an ɗaure masa jakunkunan iska. Ko sun kife, suna nan a saman ruwa.

Yadda yini ke tafiya

Akan taru wajen ƙarfe 9 da rabi. A kira suna, a sa kaya, malami ya bi yara ɗaya bayan ɗaya yana cafkar kafaɗar rigar kariya yana ja sama. Idan ta zame ta rufe kunne, ta yi yawa, a canza. Daga nan a tsaya bakin ruwa a yi tambayar da za a riƙa maimaita musu har sansani ya ƙare: daga ina iska take zuwa? Yara su duba tuta, su duba fuskar ruwa, su juya kai har su ji iskar daidai a kunnuwa biyu. Su da kansu ke haɗa jirgin, su ja shi zuwa ruwa, su kuma wanke shi su mayar da yamma. Ba a yi wa kowa.

Darasin farko a tudu ake yinsa, jirgi na kan ciyawa, yaro na ciki yana koyon sauya gefe. Sannan a shiga ruwa, a ajiye balo biyu masu yawo, a ce su je su dawo tsakaninsu iska na bugo su daga gefe. Awar farko rikici ce zalla. Sandar tuƙi aiki take a juye: ka tura ta dama, jirgi ya yi hagu. Za ki ga yaro yana ta zagaye a wuri ɗaya, wani ya tsaya cak ƙyalle na kaɗawa a kansa yana kiran malami, wasu biyu sun yi karo suna dariya. Kafin a tashi cin abincin rana yawancinsu sun fara kama hanya.

A rana ta biyu zuwa ta uku ake shiga abin da ya fi ba su wuya, kuma shi ne zuciyar sana’ar. Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Akwai kusurwa kusan digiri 45 ta kowane gefe da idan ka shiga cikinta sai ƙyalle ya saki, jirgi ya tsaya. To idan inda za ki yana can ta inda iskar ke fitowa fa? Sai a yi ta karkata, dama, hagu, dama, hagu, kamar yadda jaki mai kaya ke hawan tudu, har a isa. Yaron da ya saba komai ya danna ya samu, a nan yake gane cewa akwai abin da ba a yi masa dole. Na sha ganin yarinya tana kuka don haushi ranar Talata, ranar Alhamis ita ce ke yi wa ƙawarta ihu ta ja igiya. Wannan sauyin shi ne ya sa ban gaji da aikin ba.

Tsakanin haka ana koyon ƙulli, musamman mai siffar lamba takwas da ke hana igiya zarewa, da ’yan dokokin wa zai kauce wa wa idan jirage biyu suka nufo juna. Ranar ƙarshe akan yi ɗan tsere ko a tafi wani gefen dam ɗin a ci abinci, sannan a sa hannu a ɗan littafin kowa. A kwana biyar yaro kan gama mataki na ɗaya, da dama har na biyu. Ba za ta dawo gwana ba, amma za ta iya fita da jirgi ta juyo da shi ta dawo bakin ruwa a iska mai sauƙi.

Iska kuwa ita ke da iko da jadawalin. Akwai ma’aunin Beaufort, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. Masu koyo sun fi jin daɗin 2 zuwa 3, wato gudun iska kilomita 6 zuwa 19 a awa. Idan ta ɗan fi haka sai a naɗe wani ɓangare na ƙyallen a rage masa girma. Idan ta kai 5, ko aka ji tsawa, sababbi ba sa fita. Don haka idan ta dawo ta ce yau wasa kawai suka yi a tudu, kada ki ji an ci kuɗinki. Wurin da ke iya ce wa yara yau ba fita, shi ne wurin da nake yarda da shi.

Maganar kifewa

Ga yadda muke yi. Mukan zaɓi wuri kusa da gaɓa, jirgin ceto na tsaye dab, malami ya fara kifar da nasa kowa na kallo. Sannan ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ta jingina gefe guda har ƙyalle ya kwanta a kan ruwa, ta sulale ciki. Rigar kariya ta cillo ta sama nan take. Daƙiƙun farko idanu a waje, numfashi sama-sama, hannu na neman abin kamawa. Malami na kiran sunanta, yana cewa ta dube shi, ta riƙe jirgi. Sai ta zagaya ta baya tana dafe da shi, ta kama allon nan na tsakiya da yanzu ya fito ta gefe, ta rataya nauyinta a kai. A hankali jirgin ya miƙe, ruwa na zuba daga ƙyallen, ta ja ciki ta hau. Idan Optimist ne zai tashi cike da ruwa, sai ta ɗauki ɗan bokitin da ke ɗaure a ciki ta yi ta kwarfa. Duk abin bai fi ’yan mintoci ba. Mafi yawan yara suna hawa suke tambaya ko za su sake.

Dalilin yin haka da gangan shi ne, wanda ya fara ɗanɗana kifewa ba shiri a tsakiyar ruwa, firgita ce ke cutar da shi kafin ruwan. Wanda ya riga ya yi a gaban malami, jikinsa ya san abin da ke biye. Doka ɗaya muke dasa musu har ta zauna: kada ka rabu da jirginka, kada ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa. Jirgi ana hango shi daga nesa, kan yaro kuwa ba a cika gani cikin igiyar ruwa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai haɗari ɗaya na gaske a nan, duk da ba kasafai yake faruwa ba: jirgi ya juye gaba ɗaya igiya ta harɗe yaro a ƙarƙashi. Saboda shi ne mai jirgin ceto abin da yake fara yi idan ya ga an kife shi ne ƙidaya kawuna, yana ɗauke da wuƙar yanke igiya, kuma wurare da yawa suna ɗaura balo a saman sandar tsaye don jirgin ya tsaya a kwance bai juye ba. Saboda shi ne kuma nake da tsanani a kan duk wani abu mai lilo a jikin yaro.

Abin da ya fi yawan sa yara kuka a wurinmu ma ba kifewa ba ne, sandar kwance ce. Idan jirgi ya juya takan sheƙo daga wannan gefe zuwa wancan daidai tsayin kai. Shi ya sa ake sa wa sababbi hular kwano a wurare da yawa. Idan ta dawo da ɗan ƙulu a goshi ko shaida a gwiwa, abin da aka saba ne. Idan kuwa ta bugu har tana amai, ko jiri, ko barci ba na ƙa’ida ba, asibiti za a nufa, kuma wajibi ne su sanar da ke duk wani bugu a ka.

Sanyi

A nan nake so tsoronki ya fi karkata. Ruwan wurin iyo na cikin gari da ta saba da shi yana wajen digiri 28. Tekun Ingila ko a tsakiyar bazara tsakanin 15 ne zuwa 18, dam kuma samansa kan ɗan yi ɗumi amma ƙasa da sanyi. Ƙungiyar ceto ta RNLI tana gargaɗin cewa ruwan da ya gaza digiri 15 yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, zuciya ta hau bugu. Shawararsu ita ce a kwanta rigingine a saki jiki, cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi numfashi zai daidaita. Ki sa ta gwada wannan kwanciyar a wurin iyo kafin ranar.

Amma sanyin da na fi gani shi ne na bayan fitowa: yaro a jiƙe, iska na kaɗa shi awa guda. Leɓe ya canza, haƙora na haɗuwa, ya yi shiru. Yara marasa jiki sun fi saurin kamuwa, kuma yaranmu da aka tarbiyyantar da kunya ba sa faɗa. Ki gaya mata cewa faɗa wa malami “ina jin sanyi” ba raki ba ne, ba kuma rashin kunya ba. Sansani kan ba da rigar roba mai kama jiki da ke riƙe ɗumi, da rigar kariya. Ke kuma ki haɗa mata rigar da ke tare iska ta ɗora a sama, tsohon takalmin kambas mai rufe yatsu wanda ba a jin asararsa, tawul, kayan canji masu kauri, da ledar zuba jiƙaƙƙu. Ban da kayan auduga a kan ruwa, domin suna shan ruwa su riƙe sanyi. A sa mata man kare rana, fatarmu ma tana ƙonewa idan ruwa na maido da haske, da gorar ruwan sha. Idan tana da ciwo a buɗe a rufe shi da filasta mai hana ruwa, ta kuma wanke hannu kafin cin abinci, saboda ruwan dam ba na famfo ba ne.

Game da iyo, yawancin wurare ba gwanaye suke nema ba. Wasu sukan ce mita 25, wanda shi ne abin da manhajar firamare ta Ingila ke son yaro ya iya kafin ya gama, wasu kuma su ce ya dai zama ba ya ruɗewa idan ruwa ya rufe fuskarsa. Ki lura, rigar da ake ba su mataimakiya ce, tana ɗaga mutum amma ba a yi ta don ta juyo da fuskar wanda ya suma sama ba. Don haka “kaɗan-kaɗan” ɗin nan ki rubuta shi yadda yake a fom. Iyaye kan ƙara gishiri don kada a ƙi ɗansu, alhali malamin da ya san gaskiya shi ne zai ajiye yarinyar kusa da shi. Idan da sauran makonni, ’yan darussan iyo za su yi mata amfani fiye da duk wani kaya da za ki saya.

Sutura, salla da abinci

Rigar robar tana bin jiki, wannan gaskiya ne. Abin da ’yan matanmu ke yi shi ne su ɗora rigar iska mai ɗan tsawo da wando sakakke mara nauyi a kai, rigar kariya kuma ta rufe ƙirji. Hijabi kuwa a nemi irin na wasanni, wanda ake zurawa ya zauna daram, ba allura, ba jela, a cusa ƙasansa cikin riga. Dogon hijabi ko gyale ban yarda da shi a kan jirgi ba ko kaɗan, domin ƙaramar tayar nan mai juyawa da igiya ke bi ta ciki tana iya cafke shi. Kitso ma a tattara shi a ɗaure, yadda hular kwano za ta zauna. Ɗakin canza kaya na mata daban yake da na maza, sai dai sau da yawa fili ɗaya ne kowa na ganin kowa. Ta sa kayan iyonta tun daga gida, ki saya mata tawul ɗin nan da ake zurawa ta wuya a canza kaya a cikinsa, ko ki roƙa a bar ta ta yi amfani da ɗaki mai ƙofa. Idan ta fara al’ada kuma kwanakin suka zo daidai, ki sanar da malama mace tun da wuri, ba sabon abu ba ne a wurinsu.

Salla ba ta da wahala a watan Agusta. Azahar na shiga ne bayan ƙarfe 1 da ’yan mintoci, kusan daidai hutun cin abinci ko ƙarshensa, la’asar kuma sai wajen 5, lokacin ta dawo gida. Ki rubuta musu cewa tana buƙatar minti goma da wuri mai tsabta. Ban taɓa ganin an hana ba idan an faɗa tun farko. Abin da ke faruwa shi ne yarinya ta ji nauyin tambaya, lokaci ya wuce.

Abinci a sansanin jeka-ka-dawo daga gida ake zuwa da shi, kin huta da binciken halal, sai dai ki ja mata kunne a kan alewar da ake rabawa, domin wasu na da sinadarin gelatin na alade. Ki ƙara yawan abincin fiye da na makaranta, ruwa na sa yunwa. Kuma wurare da yawa sun hana duk abin da ke da gyaɗa saboda yaran da jikinsu ba ya ɗauka, wanda ke nufin ƙuli-ƙuli, kilishi da yajin tsire su zauna a gida.

Ƙanen nata

A nan zan yi magana ba kwana-kwana. Abubuwan da aka sani suna tayar da ciwon sikila sun haɗa da sanyi, musamman sauyi na farat ɗaya, da ƙarancin ruwa a jiki, da wahalar da jiki. Sansanin nan ya tara duka ukun, kuma darasin kifewar da na yaba a sama shi ne ainihin abin da ba a so ga mai sikila. Ni malamin tuƙi ne, hukuncin lafiyarsa yana hannun likitocin jini da ke duba shi, su suka san tarihinsa. Amma da ni aka kawo wa fom ɗinsa, ba zan sa shi a ƙaramin jirgi mai kifewa ba sai da rubutaccen bayani daga gare su, kuma ko da shi sai mun zauna da ke mun tsara abin da za a yi idan ya fara jin ciwo.

Wannan ba ya nufin a bar shi a gida yana kallon yayarsa na tafiya. Akwai jirage masu nauyi a ƙasa waɗanda aka ƙera don kada su kife, ana shiga da malami, yaro ya riƙe sandar tuƙi yana sanye da kayan ɗumi a bushe. RYA na da shiri mai suna Sailability domin masu larura, kuma kulob da dama na da irin waɗannan jirage. Ki tambayi likita a kan wannan zaɓin takamaimai: awa ɗaya ko biyu, a rana mai ɗumi, ba shiga ruwa. Ki kuma yi masa bayani da kanki tun kafin a biya kuɗin yayar, kada ya ji a bakinta.

Kafin ki sa hannu

Ban ga wannan wurin da idona ba, ke ce za ki gani, kuma gani ya kori ji. Ki je ranar da yara ke kan ruwa ki tsaya minti ashirin. Ki ƙirga jirage ki ƙirga malamai. Ki duba ko mai jirgin ceto idonsa na kan yara ko na kan waya, ko kuma jar igiyar da ke kashe inji idan ya faɗa ruwa tana ɗaure a ƙafarsa. Ki duba ko akwai yaro ko babba da ya taka gadar bakin ruwa ba rigar kariya. A ofis ki nemi ganin shaidar RYA ta bana, ki tambaya ko an yi wa ma’aikata binciken DBS, wato binciken tarihin aikata laifi da ake yi wa masu aiki da yara, wane ne jami’in kare yara, kuma a wane ƙarfin iska suke dakatar da fita. Wanda ya san aikinsa zai amsa miki da sakin fuska. Wanda ya fara ƙosawa da tambayoyinki, ki ɗauki jakarki.

Kuɗin kwana biyar yakan kai ’yan ɗaruruwan fam, ya danganta da wuri. Kafin ki biya, ki tambaya ko suna da zaman gwaji na rabin yini, domin kulob da yawa na yi da arha ko kyauta, kuma a nan za ki gane ko son gaske take yi ko zugar ƙawaye ce. Idan yaran na cikin masu cin abincin makaranta kyauta, ki duba shirin HAF na ƙaramar hukumarku, wanda ke samar wa irin waɗannan yara wasanni da abinci a lokacin hutu, wani lokaci akan samu wasannin ruwa a ciki. Idan kuma ta gama ta ce tana son ci gaba, ba sai kin sayi jirgi ba: kulob na ba da aron nasu ga yaran da suka yi rajista, kuma ƙungiyoyin matasa irin su Sea Cadets da Sea Scouts suna fita ruwa da kuɗi kaɗan. A ra’ayina, idan wurin ya tsallake waɗannan tambayoyi, ki bar yarinyar ta je, shi kuma ƙaramin a fara da ganin likita a wannan makon.